Gonar barewa a Pensilbaniya

Ranar Asabar wani abokin aikina ya kai ni gonar kawunsa a jihar Pensilbaniya. Na ɗauka shanu zan gani. Ashe barewa ce mutumin yake kiwo, irin mai farin wutsiya ɗin nan ta Amurka, a cikin shinge mai tsayin ƙafa 8 don kada su tsallake.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sana'ar fitsari. Wallahi fitsari ake sayarwa! Idan Nuwamba ta kama, lokacin barbararsu ke nan, sai a shigar da matan wani ɗaki mai daɓe da ramuka, fitsarin ya gangara, a tace shi, a zuba a ƙananan kwalabe, a ajiye a firiji. Maharbi ya saya, ya ɗiga a gindin bishiya, ya hau sama ya laɓe. Namiji ya jiyo ƙanshin mace ya taho a guje, ajali ya kira shi. Na ce ƙanshi, amma da dattijon ya buɗe mini kwalba ɗaya sai da na ja da baya.

Mazan kuwa don ƙaho ake kiwonsu, kuma kowace shekara ƙahon yakan faɗi, sabo ya fito.

Da na tambaye shi matsalarsa, fuskarsa ta canza. Akwai cutar ƙwaƙwalwa da ake kira CWD, tana ramar da dabba har ta mutu, ba magani. Saboda tsoron yaɗuwarta ta hanyar fitsari, jihar Bajiniya ta hana farauta da fitsarin barewa na gaske tun 2015. Ya ce kullum da wannan fargabar yake kwana.