Wasiƙa daga Nagaland: hanyar da ta ciyar da sojojin yaƙin Bama

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Gaisuwa mai yawa.

Tunda kuka ji ina arewa maso gabashin Indiya, masu kakanni a yaƙin Bama ke ta tambaya: ta ina abinci da harsashi suke isa ga soja a wannan daji, kuma me suke ci?

A lokacin yaƙin, jirgin ƙasa yana sauke kaya ne a garin Dimapur, nan Nagaland. Daga nan sai mota ta hau dutse zuwa Kohima, ta gangara Imphal, garin da sojojin Birtaniya suka yi sansani kusa da iyakar Bama, sama da kilomita 200 a siririyar hanya, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. A ƙarshen Maris na 1944 Japanawa suka datse ta, ba ta buɗe ba sai 22 ga Yuni. Duk tsawon lokacin nan jiragen sama ne suka ciyar da Imphal.

Amma ruwan sama, jama'a! Daga Yuni har Satumba yake zuba, ƙasa ta jiƙe ta zaftaro ta rufe hanya, ayarin motoci ya tsaya cak. Mota mai ɗaukar tan 3 tana hawa da giya ɗaya, lagireto ya tafasa. Ta kafe a laka, direba ya yi ta taka wuta har kuloci ya ƙone. Ramuka su karya sifirin. A gangara kuwa, wanda ya dogara da birki kaɗai sai birkin ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake sa ƙaramar giya tun kafin a fara sauka. Direbobinmu masu bin Hawan Kibo da lodi, wannan naku ne. Taya ma ta yi wuya tunda Japan ta ƙwace gonakin robar Malaya a 1942. Kuma motar da ta ɗauko fetur tana shan wani kaso nasa zuwa da dawowa, hanya na ƙara tsawo, abin da ke isa yana raguwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta hanyar Tamu zuwa Kalewa, can cikin Bama, inda dutsen gini ya yi ƙaranci. A daddale ƙasa a yi mata doro, a haƙa magudana hagu da dama, sannan a shimfiɗa algarara da aka jiƙa da kwalta. Muddin ruwa bai shiga ƙarƙashi ba, tana ɗaukar mota. Masu gyaran hanyoyin karkararmu, ku fara da magudana.

Kakanninmu na runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi ne can kudu, a kwarin kogin Kaladan na Bama. Sun sare daji sun yi hanyar jif mai kusan mil 75, sauran kaya jirage ke jefowa da laima, 'yan dako su ɗauka a ka.

Batun abincinsu da maganin zazzaɓin sauro da ake tilasta musu sha kullum, sai wasiƙa ta gaba. A gaida kowa da kowa.