Izinin da ban nema ba ya ci mana damina uku

Rigimar gona ce. Mutumin da nake wa lauya ya ce aro mahaifinsa ya ba maƙwabcinsa, magadan maƙwabcin suka ce saye ne, kuma ko ba saye ba sun yi hauzi, wato sun daɗe suna riƙe da ita mai ita yana gani bai yi magana ba. Babbar Kotun Shari'a ta ba su gaskiya. Da takardun suka zo hannuna, tarkon da na fara kauce wa shi ne wanda kowane lauyan Arewa ya sani: ban kai ƙarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsayar da huruminta a kan aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma tun a shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta nuna cewa jayayyar mallakar ƙasa zalla ba ta cikinsu. Na kai Babbar Kotun Jiha, alƙalai biyu suka zauna, suka tabbatar da hukuncin kotun farko. Sai na nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya ina jin na iya aiki, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Lissafin da na yi a kaina shi ne, hukunci ne na ƙarshe, saboda haka sashe na 24 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba ni wata uku, kuma tunda na ƙarshe ne ba sai na nemi izinin kowa ba. Rabin farko daidai ne. A rabi na biyu ne na yi kuskure. Sashe na 241(1)(a) bai ce kowane hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu ba. Cewa ya yi hukuncin ƙarshe da ta yanke tana zaune a matsayin kotun farko, wato ƙarar a gabanta aka fara shigar da ita. Tamu kuwa daga ƙasa ta hau. Idan Babbar Kotu ta zauna a matsayin kotun ɗaukaka ƙara, wannan ƙofar a rufe take. Abin da ya rage maka shi ne 241(1)(b), inda dalilin ɗaukaka ƙarar batun doka ne zalla, sai 'yan wuraren da sashen ya lissafa, irin su fassarar Tsarin Mulki, haƙƙoƙin da ke babi na huɗu, hukuncin kisa, 'yancin wanda ke tsare, da umarnin hani. Duk abin da ya fita daga nan, sashe na 242 ya ce sai da izinin Babbar Kotun ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na karanta wannan sashe tun ina makarantar horar da lauyoyi. A ranar da nake buƙatarsa, idona tsallake kalmomin nan ya yi.

Dalilai biyar na rubuta a takardar sanarwa, huɗu daga ciki na buɗe su da cewa kotu ta yi kuskure a doka. Wannan lakabi ba ya tsinana komai. Kotu tana karanta dalilin ne haɗe da bayanan da ka jera a ƙarƙashinsa, ta ga ainihin abin da kake kuka da shi. Ma'aunin yana nan a shari'ar Ogbechie da Onochie ta 1986, aka ƙara faɗaɗa shi a Nwadike da Ibekwe a 1987. In kukanka shi ne kotu ta fahimci dokar a karkace, ko ta ɗora ta ba daidai ba a kan abin da aka riga aka tabbatar ko aka amsa, to batun doka ne. In kuwa sai an sake auna shaida kafin a ga kuskuren, ya zama gauraye, doka da abin da ya faru. Dalilina na farko ya ce kotu ta yi kuskure da ta zartar da hauzi, amma bayanan ƙarƙashinsa cewa suke shaida na biyu ya tabbatar da aro, shaida na uku kuma maganarsa ta ci karo da juna a kan shekarun noman. Malaman Malikiyya sun sa wa hauzi shekara 10 tsakanin bare, 40 tsakanin dangi, kuma aro ko jingina ko haya suna hana hauzi tafiya. Ba wanda ya yi musun wannan a kotu. Abin da ake ja a kai shi ne ko aron ya tabbata, wannan kuwa aikin auna shaida ne. Na uku da na huɗu duk haka suke. Na biyar shi ne ɗan autan nan da muke liƙawa a gindin kowace sanarwa, cewa hukuncin ya saɓa wa rinjayen shaida. Shi ko sutura bai saka ba, batun shaida ne tsagwaronsa.

Dalili ɗaya ne mai rai, na biyu. Kundin kotun farko bai nuna an yi wa mutumina i'izari ba, wato alƙali bai tambaye shi ko yana da sauran hujja ko suka kafin a yanke hukunci ba. Ba sai an auna maganar kowa ba, buɗe kundi kawai za ka yi ka duba. Dalili ɗaya lafiyayye kuma ya isa ya riƙe sanarwa gaba ɗaya. Wato ko a lokacin da sauran numfashi, ni ne na toshe shi da hannuna.

Sauran aikin ya tafi yadda ya saba. Rajistara yana da kwana 60 ya haɗa kundi, in ya gaza nauyin ya dawo kan mai ɗaukaka ƙara cikin kwana 30, kuma kamar kullum kanmu ya dawo. Abin da ya ci lokaci shi ne fassara, don zaman kotun farko da Hausa aka rubuta shi, manyan kotuna kuwa Turanci suke karɓa. Ka zauna da asalin Hausar da fassarar gefe da gefe, layi bayan layi. A namu, wuri guda an fassara "aro" da kalmar da ke nufin bashi, kuma shari'ar duka a kan wannan kalma take tsaye. Na gyara wannan, na shigar da rubutacciyar hujjata cikin kwana 45, ban haura shafi 35 ba, hatimin ƙungiyar lauyoyi na liƙe, sunana ne a ƙasa ba sunan ofis ba, don tun shari'ar Okafor da Nweke a 2007 babu mai wasa da wannan. Duk ƙananan ramukan na tsallake su.

A cikin hujjar ne na yi kuskure na biyu. Ana koya mana kada tambayoyin da za a warware su fi dalilai yawa, kuma dalili ɗaya ba ya haifar da tambaya biyu, amma tambaya ɗaya tana iya ɗaukar dalilai da yawa. Don in nuna tsafta, sai na dunƙule biyar ɗin suka zama tambaya biyu. Tambaya ta farko na ɗaure ta da dalili na ɗaya, na huɗu da na biyar. Ta biyu na ɗaure ta da na biyu da na uku, na kuma yi muhawararsu a cakuɗe, i'izari a wannan sakin layi, sukar shaidu a na gaba, in sake dawowa. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce, idan tambaya ta fito daga lafiyayyen dalili da matacce, aka kuma cuɗa muhawararsu, kotu ba za ta ɗauki wuƙa ta yi maka tiyata ba. Tambayar duka za ta tafi. Dalilin da ya rage ba tambaya kuwa, ana ɗauka ka yi watsi da shi. Da na ware wa i'izari tambayarsa shi kaɗai, ko da shafi uku ne, da an saurari ƙarar nan a kansa.

Lauyan ɗaya ɓangaren, dattijo ne a aikin, bai ce uffan ba sai da ya shigar da tasa hujjar cikin kwana 30 ɗinsa, da sukar share fage a gabanta: babu izini, saboda haka kotu ba ta da hurumi. Ƙa'ida ta ce ya ba ni sanarwar kwana uku cikakku kafin zama, shi kuwa watanni ya ba ni. A nan ne abin ya fi yi mini ciwo har yau. Tunda dalili na biyu yana riƙe da sanarwar, hanya a buɗe take in shigar da roƙon gyara, in nemi izini a kan ragowar dalilan, in kuma nemi sake tsara hujjata. Tun shari'ar Nalsa da NNPC ta 1991 an san cewa in roƙo biyu suna gaban kotu, ɗaya na neman kashe ƙara ɗaya na neman ceto ta, na ceton ake fara ji. Maimakon haka sai na ɓata kwana 14 na martani ina kare abin da ba ya karuwa. Na ce dalilaina na doka ne. Na ce ma sukar share fage ana yin ta ne in ana son rushe ƙara duka, wanda ke ƙalubalantar wasu dalilai kawai roƙo ya kamata ya kawo. Wannan magana tana da tushe, sai dai ba ta yi mini rana ba, domin maganar hurumi kotu da kanta tana iya tayar da ita. Wani abokin aikina da ya ga martanin ya ce, "Barista, ka nemi izinin nan mana, me zai ci maka?" Na ce masa neman izini yanzu amsa laifi ne. To, amsa laifin ne, kuma ya fi araha a lokacin.

Ranar zama ba a daɗe ba. Mai shari'a da ke tsakiya ya tambaye ni a wane matsayi Babbar Kotu ta zauna. Na ce, "Ranka ya daɗe, a matsayin kotun ɗaukaka ƙara." Ya ce in karanta masa bayanan dalili na ɗaya. Ina karantawa ina jin yadda kowane layi yake tona ni. Da hukunci ya fito, dalilai huɗu sun faɗi, tambayoyin biyu sun bi su, aka soke ƙarar. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne sokewa aka yi ba kora ba, domin ba a taɓa gundarin rigimar ba, wanda aka soke wa ƙara kuwa yana iya dawowa.

Dawowar ita ce roƙon nan mai ƙafa uku: ƙarin lokaci don neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokaci don shigar da sanarwa. Ukun tare suke tafiya, ka bar ɗaya roƙon ya mutu. Kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara kaɗai ake kai shi, don Babbar Kotu ba ta da ikon ƙara wannan lokaci. Da a cikin wata ukun farko ne, Babbar Kotun zan fara zuwa, in ta hana ni in sami ƙarin kwana 15 in sake nema a sama. Mutane suna mantawa cewa a cikin wa'adin nan ake son a nemi izinin, a same shi, a kuma shigar da sanarwar. Shigar da roƙo kaɗai ba ya tsayar da agogo. A hukuncin tsakiyar shari'a, inda wa'adin kwana 14 ne kacal, da wuya ka ga an kammala ukun a kan lokaci, shi ya sa gogaggu suke shirya mai ƙafa ukun tun daga farko.

Takardar rantsuwar da ke goyon roƙon sai ta cika sharaɗi biyu a tare: ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, da dalilan ɗaukaka ƙara waɗanda da ganinsu sun cancanci a ji su. Ana haɗawa da kwafin hukuncin mai hatimin kotu da sanarwar da kake shirin shigarwa, ni na ƙara da hukuncin da ya soke ta farkon. Jinkirin kuma ba a dunƙule ake bayaninsa ba, kowane tsakani sai ka faɗi abin da ya cinye shi. Kotuna sun saba cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa, amma ba a ba da wannan rangwame ga wanda ya ɓoye lauyan a bayan "wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu". Sai na rubuta shi ƙarara: mai ƙara ya ba da umarni a kan lokaci, ya biya kuɗi a kan lokaci, lauyansa ne ya ɗauka ba a buƙatar izini. Ni na yi rantsuwar, tunda ni na san abin da ya faru, saboda haka ban tsaya na gabatar da roƙon ba, don bai dace lauya ya zama shaida kuma mai muhawara a abu ɗaya ba. Abokin nan nawa da na ƙi jin shawararsa shi ya tashi ya gabatar, ina zaune a bayansa.

An ba mu, tare da kuɗin ɓata lokaci da za a biya ɗaya ɓangaren, wanda daga aljihuna ya fita. Sabuwar sanarwar dalilai uku ce. I'izari ne na farko, da tambayarsa shi kaɗai. Na biyu hauzi, na rubuta shi a matsayin abin da yake, gauraye. Ɗan autan nan na bar shi a na uku, amma yanzu da izininsa. Ban ruɗi kaina a kan biyun ƙarshe ba, kotuna biyu sun riga sun haɗu a kan abin da shaidu suka tabbatar, kuma kotun sama ba ta cika taɓa irin wannan ba sai an nuna mata karkata a fili. Ƙarfinmu yana kan dalilin da tun farko ba ya buƙatar izinin kowa.

Yanzu kafin in rubuta kalma ɗaya a sanarwa, shafin farko na hukuncin nake dubawa in ga lambar ƙarar da inda ta faro. In daga majistare ko kotun shari'a ta hau, izini nake nema ko da ina ganin dalilaina na doka ne zalla, domin izinin da ya zama ba a buƙatarsa bai taɓa kashe ƙarar kowa ba. Da na yi wa mutumina bayanin cewa an dawo da mu layi, bai tambayi sashe ko ƙa'ida ba. Ya ce, "Barista, damina uku ke nan suna nome ta." Na ce haka ne, Alhaji. Ya tambaya ko za a ji mu kafin ta huɗu, na ce masa kundi ya riga ya isa, hujjarmu ma ta shiga, saura a sa rana.