Wanzami ba ya son jarfa: wata 4 ina zama gaban kyamarata

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, ga inda aka kwana a ɓangarena. Shekara 3 ke nan ina ɗaukar mutane hoto, galibi na fuska da na iyali, sai na yara jefi-jefi. Hotunan ba laifi, duk wanda ya gani yakan yaba, amma yabo daban, saƙon neman aiki daban. Abin da ya zaburar da ni wata baiwar Allah ce da na ɗauka. Muna tattara kaya sai ta ce, "Malam, da na san haka kake da sauƙin kai, ai da ban yi sati 2 ina jan ƙafa ba." Ashe ta daɗe da ganin hotunana, mai ɗaukar ne ba ta taɓa gani ba, kuma shi take tsoro. A daren na duba shafina daga sama har ƙasa, fuskokin mutane reras, babu tawa ko ɗaya. Sai na yanke shawarar fara ɗaukar kaina bidiyo, mutane su ga mai ɗaukar.

Satin farko

Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na zauna, na danna jan maɓalli, sai bakina ya bushe ƙaf. Ni da nake ce wa mutane "saki jikinka mana" kullum, ga ni na ƙame kamar an dasa ni. Sau 17 na ɗauka. Da na zauna kallo, abu na farko da na gani shi ne idona yana gefe, don ina kallon kaina a ɗan allon kyamara maimakon idonta. Mai kallo zai ji kamar ina magana da wani da ke bayan kafaɗarsa. Maganin da na samu mai sauƙi ne: in gama saiti, in juya allon ya kalli bango, in manna 'yar takarda mai launi dab da gilashin, ita zan riƙa kallo.

Na biyu kuma ɗabi'ar masu hoto ce ta ci ni. Mun saba barin saurin ƙiftawar kyamara a 1/250 na daƙiƙa ko sama don kada hoto ya girgiza. A bidiyo wannan yana sa motsi ya riƙa tsalle-tsalle, hannuna kamar na mutum-mutumi. Ƙa'idar da masu fim ke bi ita ce ka ninka adadin hotunan da kake ɗauka a daƙiƙa: in 25 ne ka sa 1/50, in 30 ne ka sa 1/60. Akwai wata riba a ciki. Wutar lantarki tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa a wasu ƙasashe, sau 60 a wasu, kuma in saitinka bai dace da naka ba za ka ga layuka suna rawa a bango in akwai ƙwan fitila a kunne. Matsalar 1/50 ita ce da rana haske yana yin yawa, musamman in kana son buɗe gilashi don bayanka ya dushe. Sai an ɗaura wa kyamarar wannan baƙin tabarau da ake kira ND.

Ba sai kun sayi sabuwar kyamara ba. Tun 2008, lokacin da Nikon D90 da Canon 5D Mark II suka fito, manyan kyamarorin hoto irinsu suke ɗaukar bidiyo. Tawa tsohuwa ce, har tana da halin nan na tsayawa da kanta a minti 29 da daƙiƙa 59, wanda asalinsa harajin da a da Tarayyar Turai take ɗora wa na'urar da ke ɗaukar minti 30 zuwa sama. Ban taɓa buƙatar ko kwatan wannan ba.

Sati na 2 da na 3: murya

Nan na fi shan wuya, don ido muka horar, kunne kuwa ko oho. Hasken bidiyona na farko ya yi kyau, taga a gefe ɗaya, inuwa mai laushi a ɗaya kuncin. Muryar kuwa kamar daga cikin rijiya. Makirfon da ke jikin kyamara yana nesa da bakina da kusan mita 2, ɗakin babu komai sai bango da tayil, sai ya kwaso amsa-kuwwa da gunjin firji da ban taɓa lura da shi ba sai da na sa abin kunne.

Na samo ɗan makirfon da ake maƙalawa a riga, na sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Wannan kaɗai ya gyara fiye da rabin matsalar, saboda duk lokacin da ka rage nisa, muryarka na ƙara rinjayar hayaniyar ɗaki. Sai na ja labule, na shimfiɗa darduma mai kauri, na rataya bargo a bangon da nake fuskanta. Ma'aunin sauti ina barin ƙololuwarsa tsakanin -12 da -6, don in ya taɓa 0 muryar ta fashe, kuma babu manhajar da za ta ɗinke ta yadda take. In waya ce ke naɗar muryar daban, nakan yi tafi ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara kafin in fara, wurin tacewa sai in haɗa tsinin sautin biyu. Wata rana na yi bayani na minti 6 mai daɗi, ashe igiyar ba ta shiga ba. Tun ranar nake gwajin daƙiƙa 10, in saurara, sannan in fara.

Wata na 2: me ma zan ce?

Bidiyo 3 na farko duk a kan kaina suke: sunan kyamarata, gilasaina, yadda na fara. Masu hoto irina suka zo suna tambayar wane gilashi ne, kwastoma ko ɗaya. Sai na koma tsofaffin saƙonnin da aka taɓa turo mini, na ɗauki biro na fitar da abin da ke maimaituwa. Babu wanda ya taɓa tambayar kyamara. Abin da suke cewa shi ne "ni fa ban iya tsayawa hoto ba", "wane irin kaya zan sa", "yarona ba ya zama wuri ɗaya", "yaushe zan karɓa". Kowace tambaya na mayar da ita bidiyo guda, daƙiƙa 40 zuwa 60, ina magana kamar mai tambayar na zaune a gabana. Na daina rubuta jawabi in haddace, don muryar karatu tana fitowa fili. Kalma 3 kawai nake rubutawa a takardar da ke gefen gilashi.

Duka a tsaye nake ɗaukarsu, 9:16, wato 1080 da 1920, don haka Reels da Shorts da TikTok da sitatus na WhatsApp suke so. Ina sa rubutun abin da nake faɗa a jikin bidiyon, tunda da yawa suna kallo ne babu sauti, kuma ina ɗaga rubutun zuwa tsakiya, don ƙasa da gefen dama maɓallan manhaja ne ke rufe su. A YouTube Studio akwai zanen da ke nuna inda mutane ke barin kallo. Nawa yana faɗuwa ne tun ina cikin faɗin sunana da sana'ata. Yanzu da tambayar nake buɗewa, sunan ya zo daga baya.

Wanda ya yi aiki

Wani bawan Allah ya zo yana son hoton fuska na wurin aiki. Tun daga ƙofa na ga alama: kafaɗu a sama, yana ta gyara wuyan riga, ya ce mini sau 2 shi hoto ba ya karɓarsa. Na roƙe shi in kafa waya a bayana ta riƙa ɗaukar mu, in bai so abin da ya fito ba in goge a gabansa. Ya amince.

A bidiyon ana ganin bayana da fuskarsa. Ana jina ina cewa ya mayar da nauyinsa kan ƙafar baya, ya ɗan turo goshi gaba, ya sauke haɓa kaɗan, ya fitar da numfashi ta baki. Ya yi duka, amma murmushin na dole ne, leɓe kawai, ido babu komai. Sai na sauke kyamarar daga fuskata na tambaye shi wa zai fara nuna wa hoton. Ya ce 'yarsa, wai ita ce ke cewa kullum fuskarsa a hoto kamar an kama shi da laifi. Yana faɗa ya fashe da dariya, kafaɗun suka sauka da kansu, na danna. Na juya masa allon, ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Kai, ni ne wannan?" A nan na yanke, na sa hoton da aka gama ya tsaya daƙiƙa 3. Duka-duka daƙiƙa 35.

Masu kallonsa ba su kai na wani da na yi ba, wanda nake nuna yadda nake gyara launin hoto kafin da bayan. Wancan ya yi yawo sosai, har kaina ya fara girma, amma duk 'yan sana'a ne. Wannan ƙaramin kuwa shi mutane ke ambata in sun turo saƙo, kuma kusan da kalma iri ɗaya: "Ni ma irin mutumin nan ne." Don haka na sayi ƙaramin littafi, duk wanda ya tuntuɓe ni ina tambayarsa a ina ya gan ni da abin da ya gani, in rubuta. Lissafin da manhaja ke nunawa bai san wanda ya zo ya zauna a kujerata ba.

Inda na yi kuskure

Daɗin wannan ya sa na yi gaggawa. Na ɗauki wani iyali, na bar waya tana naɗa, na yanko inda ɗan ƙaramin ke gudu muna binsa, na ɗora. Uwar ta kira ni da dare, cikin ladabi amma ranta a ɓace. Ta ce hoto ta yarda in nuna, ba ta yarda a ji muryar ɗanta da sunansa da ake kira ba. Gaskiyarta. Na cire, na ba da haƙuri, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Yanzu a takardar yarjejeniya akwai layi 2 daban, ɗaya na hoto ɗaya na bidiyo, kuma ko an sa hannu ina tura wa mutum abin da na yanka ya gani kafin duniya ta gani. In da yara a ciki, ba na barin suna ko wani abin da zai nuna inda suke.

Sai kiɗa. Na ɗora wata waƙa da nake so a ƙarƙashin bidiyo, aka kashe sautin gaba ɗaya har da muryata. YouTube na da tsarin Content ID da ke gane waƙar wani, Instagram kuma yana taƙaita waƙoƙin da shafin kasuwanci zai iya amfani da su. Na daina sa kiɗa a yawancinsu. Ƙarar dannawar kyamara da dariyar mutum sun wadatar.

Wata na 4

Abin da ke tsaye yanzu: bidiyon gabatar da kai na daƙiƙa 90, wanda na sake ɗauka bayan na san abin faɗa, na maƙale shi a saman shafi cikin guraben 3 da Instagram ke bayarwa. In wani ya turo tambaya, nakan amsa a rubuce, sannan in bi da ɗan bidiyon daƙiƙa 20 da waya, in kira sunansa, in faɗi yadda ranar za ta kasance. Ba na tace shi ko kaɗan. Na lura masu shiru bayan sun ji farashi sun ragu, ko da yake wata 4 bai isa in bugi ƙirji ba.

Lokaci ne babban abin da yake ci. Minti 1 yakan cinye mini awa 2 wurin tacewa. DaVinci Resolve, wato manhajar tace bidiyo, na da na kyauta kuma ya fi ƙarfin buƙatata, sai dai kwamfutata na nishi in na buɗe shi, don haka gajerun a CapCut nake yi a waya. Nakan ware safiya ɗaya in ɗauki 4 a jere, ina sauya riga a tsakani.

Abin da ya gagare ni har yanzu shi ne shaidar kwastomomi. In na ce wa mutum ya faɗi yadda ya ji da aikin, sai ya gyara tsayuwa ya fara jawabi kamar a gaban alƙali, ya yi ta yabon da ni kaina ban yarda da shi ba. Guda 3 na ɗauka, duk suna nan a ajiye. Sati mai zuwa zan gwada barin waya tana naɗa a lokacin da nake nuna wa mutum hotunansa karon farko, in yi shiru in bar shi da allon. Akwai kuma "wato" da nake cusawa a kowace jimla, a bidiyon jiya na ƙirga 11.