Ranar da na kai ƙanena filin lilo

Asabar, da daddare.

Yau na cika alkawarin da na daɗe da yi wa ƙanena na kai shi filin wasannin lilo, shekara biyu bayan hatsarin da ya sa aka yanke masa ƙafar dama daga saman gwiwa. Shigarmu ba ta yi wuya ba, domin akwai hanyar gangare a gefen matakala.

Matsalar ta taso ne a wurin jirgin nan mai gudu a kan dogon ƙarfe, wanda yake hawa can sama sannan ya gangaro kamar an jefo shi. Mun yi kusan awa ɗaya a layi, yana dogare da sanda, gumi ya jiƙa masa riga. Sai da muka isa bakin jirgin ma'aikacin ya dubi ƙafar robar ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ƙa'idar waɗanda suka ƙera jirgin nan ta hana." Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, mu tafi kawai."

Ban tafi ba sai da na nemi dalili. Ya nuna mini sandar ƙarfen da ake saukewa a kan cinyoyi, ya ce ita kaɗai ke riƙe mutum lokacin da jirgin ya gangara jiki ya ɗaga daga kujera, kuma ƙafar roba tana iya suɓucewa ta faɗa kan wani. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na kasa musa masa, domin na tuna tsohon sojan nan da ya rasa ƙafafunsa biyu a yaƙin Iraƙi, wanda ya faɗo daga irin wannan jirgi ya rasu a jihar New York a 2011. Ko dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka ta 1990 ta amince da ƙa'idojin tsaro, muddin an gina su a kan hatsari na gaske, ba a kan zato ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne inda suka liƙa allon ƙa'idar: a ƙarshen layi, da ƙananan haruffa, bayan mutum ya gama shan wahala, a gaban idon jama'a. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ya tabbatar musu da haƙƙin nishaɗi daidai da kowa, kuma a ganina sanar da mutum tun daga ƙofa abin da zai iya hawa yana cikin wannan haƙƙi.

Daga baya mun hau lilon nan mai kama da ƙatuwar ƙafar keke. Da muka kai ƙololuwa sai na lura jirgin can yake kallo, bai ce komai ba. Kafin mu fita na rubuta ƙorafi a ofishinsu, na roƙi a mayar da allon bakin layi.