Hazon Buea ya zauna a kan takarda

'Yan uwa masu koyon zane da fentin ruwa, yau dai hazo ya yarda ya zauna mini a kan takarda, kuma ba zan ɓoye farin cikina ba. Abin da nake zanawa shi ne tsohon gidan gwamnan mulkin mallakar Jamus a Kamaru, Jesko von Puttkamer, da ke Buea a jikin Dutsen Kamaru, garin da Jamusawa suka mayar hedikwatar mulkinsu a 1901 saboda sanyinsa. Daga wani tsohon hoto nake aiki, amma yanayin damina nake nema, lokacin da gajimare ke gangarowa daga dutsen mai tsayin sama da mita 4,000, ya lulluɓe gidan har rufin ya riƙa ɓacewa yana dawowa.

Ginin bai ba ni wahala ba, hazon ne ya yi taurin kai. Duk lokacin da na samo ruwan toka daga baƙin fenti, da ya bushe sai ya koma dauɗa, gidan ya fito kamar an yafa masa tsohon bargo. Da na ɗiga ruwan ɗorawa kuwa, sai ga ƙurar hunturu irin tamu, alhali hazon Buea jiƙaƙƙe ne, mai sanyi, yana ɗan karkata zuwa shuɗi. Daga baya na ajiye baƙin gaba ɗaya, na haɗa shuɗi da ruwan ƙasa mai ɗan ja, na tsinka shi sosai.

Sauran aikin duk na lokaci ne. Na jiƙa takardar gaba da baya, na jira har ƙyallin ruwan ya fara dushewa, sannan na sa buroshi. Idan aka yi gaggawa fentin yakan malale ko'ina, idan kuma aka makara gefensa ya bushe da kaifi, shi ke nan hazo ya zama bango. Kafin takardar ta sha iska, na ɗauke fentin saman rufin da buroshi mai ɗan laima, na bar tagogi biyu kaɗai da duhu sosai, domin ido ya sami wurin tsayawa.

Wannan dabarar ta fi yin kyau a takardar auduga mai kauri, kuma kuɗinta ya ƙona mini aljihu ƙwarai, shi ya sa nake yanka kowace gida huɗu don gwaji. Itatuwan gaban gidan har yanzu suna lilo a sama ba gindi, kuma a kansu nake neman shawararku.