Saƙon Godiya Bayan Aikin Idon Hajiyarmu

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

A madadin iyalanmu baki ɗaya, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga 'yan uwa da abokan arziki da suka tsaya mana da addu'a da gudummawa, har aka yi wa mahaifiyarmu aikin cire yanar idon dama cikin nasara. Yanzu Hajiya ta koma karatun Alƙur'aninta, kuma da kanta take zura zare a allura.

Godiya ta musamman ta tabbata ga likitan ido da ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton ido, domin aikinsu ne ya raba gardamar da ta daɗe a gidanmu. Wasu sun ba da shawarar a jira sai yanar ta nuna, wasu kuma sun ce a kai ta wurin masu aikin gargajiya, waɗanda ke tura yanar cikin ido da tsinke, abin da ya jawo wa mutane da dama makanta. Ita kuwa Hajiya ta kafe a kan cewa tsufa ne kawai.

A asibiti, bayan an ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ta ɗora haɓarta a kan na'ura, wani siririn haske ya ratsa idon, sai ga hoton madubin da ke ciki ya fito a allon kwamfuta, tsakiyarsa ya yi ruwan ɗorawa. Likita ya kwatanta shi da hotunan LOCS III, wato ma'aunin da likitoci ke gane tsananin yanar ido da shi, wanda ake amfani da shi tun 1993, ya rubuta matakin da yanar ta kai. Da yake tana da ciwon suga, wanda ke gaggauta yana, ya umarci a riƙa maimaita hoton. Ranar da aka jera mata tsohon hoto da sabo, ta matso dab da allon, ta ga yadda duhun ya ƙaru, ita da bakinta ta ce a sa ranar aiki. Kafin ranar an auna tsawon idon domin a zaɓi madubin roba da ya dace da ita, wanda za a sa a madadin madubin idon da yana ta kama.

Idon hagu ma akwai yana, amma hoto ya nuna ba ta kai ga aiki ba, za a ci gaba da bibiyarta. Muna roƙon ku ci gaba da sa Hajiya a addu'a. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, amin.