Kai da Kake Ƙera Kuɗi, Me Za Ka Yi da Namu?

Wasan da ya fi jawo mini tafi shi ne kuma ya fi cutata wajen karɓar kuɗi. Nakan yagi farar takarda daga littafin ɗan lakwal, in ninke ta sau huɗu, in ba wani yaro ya hura mata iska, in warware a hankali, sai ga ƴar jikka biyar koriya shar. Yara su ɗauki ihu, mata su rangaɗa guɗa, tsofaffi su ce a'uzubillahi suna ƙara miƙo wuya. Amma in taro ya watse na je sallama, sai mai gidan biki ya dafa kafaɗata yana dariya: "Malam, kai da kake ƙera kuɗi da takarda, me za ka yi da ɗan namu?" A nan Maraɗi, daga Zariya har Bagalam babu unguwar da ban ji wannan magana ba. Da dariya ake faɗarta, amma daga nan hannu ba ya shiga aljihu sai da ƙyar. Ita kuwa ƴar jikka biyar ɗin guda ɗaya ce tal, tawa ce, da dutsen guga nake miƙar da ita a gida, kuma akwai watan da sai da na aro ta wurin maiɗakina kafin in fita.

Ni ɗan dabo ne, mai rufa-ido. Babu aljani a ciki, babu tsafi, saurin hannu ne da iya ɗauke hankalin mai kallo. A Maraɗi dole ka faɗi haka a bakin kowane wasa, in ba haka ba gobe limamin unguwa ya aiko a kira ka. Na koya wurin wani dattijo mai zagaya kasuwannin ƙauye, ina ɗaukar masa jaka. Shi tsarinsa mai sauƙi ne. A yi da'ira, ya fara da ƙananan wasanni, in ya zo kan babban, ya riga ya yanke igiya gida biyu kowa ya gani, sai ya tsaya cak ya miƙo mini ƙoƙo. Igiya ba ta haɗewa sai ƙoƙo ya zagaya. Dala biyar, dala goma, mai zuciya ya jefa dala ashirin. Ga ƴan'uwanmu na Najeriya, dala a wurinmu sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000, kada lissafin ya rikita ku, don ni ya taɓa rikita ni, zan zo kan wannan.

Maigidana bai taɓa yanka wa kansa farashi ba har ya rasu, Allah ya jiƙan shi. A ganinsa rashin kunya ne. Da na fara samun gayyata zuwa gidajen biki da suna sai na ɗauki bakinsa: "Alhaji, abin da Allah ya hore." Wannan kalma ta ci mini shekaru.

Ranar da na farka, bikin ƴar wani ɗan kasuwa ne. An ce in zo bayan la'asar. Na ɗauki yarona da akwati da tantabaru biyu muka hau adaidaita. Muka zauna kan benci a ƙofar gida har aka yi magariba, amarya ba ta dawo daga gyaran jiki ba. Sai bayan isha'i aka ce bismilla. Na yi wasa kusan awa guda, har uwar ango ta sa aka maimaita na ƙwai sau biyu. Da aka tashi Alhaji ya shige ciki, wani ƙanensa ya fito ya danƙa mini jikka biyu da kwanon shinkafa. A gabana kuwa aka zuba wa makaɗa da sanƙira abin da ya ninka nawa ban san sau nawa ba. Na biya adaidaita zuwa da dawowa, na sallami yaro, abin da ya rage bai sayi tiyar gero ba.

Na daɗe ina jin haushin makaɗan nan kafin in gane ba laifinsu ba ne. Maroƙi sunanka yake kira, ya ambaci ubanka da kakanka a gaban jama'a, kai kuma ka yi masa kari don a ga ka isa. Sunansa mutum yake saye. Ni kuwa ba na wasa kowa. Wanda na jawo tsakiyar fili ma dariya ake yi masa, an ciro ƙwai daga hularsa. Wa zai yi maka liƙi don ka kunyata shi? Ko mai niyya ya taso, hannuwana a cike suke, in ya matso kusa ma sai ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Al'adar kari ba don irinmu aka yi ta ba. Ni na fi kusa da mai hayar kujeru da rumfa, kuma ban taɓa jin mai kujeru ya ce abin da Allah ya hore ba.

Wani abokina tela ne ya zaunar da ni a shagonsa da biro da takarda, ya ce in lissafa masa abin da ke fita daga aljihuna kafin in ce wa jama'a salamu alaikum. Igiyar da nake yankewa ba ta haɗewa da gaske, kowane wasa sai sabuwa. Ƙwai yana fashewa. Tantabaru suna cin gero ko an yi wasa ko ba a yi ba. Ga kuɗin yaro, ga adaidaita don akwatin ba ya hawa kabu-kabu, ga hayar lasifika, ga wanki da guga. Ya ce to ina kwanakin da kake tsaye gaban madubi kana maimaita abu ɗaya? Ina azumi, wata guda cur babu wasa? Ina damina, da kowa ya koma gona, kuɗin biki sai kaka? Shi ma, in ji shi, ɗinkin Sallah ne ke ciyar da shi a watan da keke ke kwance. A ranar na fitar da adadin da ba na sauka ƙasa da shi a cikin gari, jikka goma sha biyar, na kuma rantse wa kaina.

Wata biyu na farko na rasa aiki sosai, ba zan ɓoye ba. Wasu suka ce na yi girman kai. Wanda ya tsaya kuwa sai ya fara kirana kan lokaci, don wanda ya san nawa zai biya ba ya barin ka kan benci awa huɗu.

Yanzu ba na faɗin kuɗi sai na yi tambaya. A ina ne, mutum nawa, yara ne ko manya, ƙarfe nawa za a fara da gaske, akwai wuta ko sai na zo da batir. Wannan ta ƙarshe na koye ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka sa wa ƙasa takunkumi Najeriya ta yanke mana lantarki, lasifika ya zama kayan ado. Tibiri ko Jiratawa kamar cikin gari ne da ɗan ƙarin kuɗin mota. Madarunfa rabin wuni ce. Tasawa kuwa, fiye da kilomita 100, kwana ne, kuma duk aikin da zan samu a Maraɗi ranar ya wuce ni, dole ya shiga lissafi.

Makarantu su ne suka fi daɗin aiki, suka fi wuyar lissafi. Wajen watan Yuni, bikin ƙarshen shekara, ana ce maka kowane yaro zai kawo dala ashirin a raba. Na taɓa tsayawa gaban yaran da suka cika fili maƙil har kan katanga, da aka zo rabo sai ga takarda mai sunan yara tamanin. Ban yi gardama ba, ba ni da shaida. Tun daga nan nake ce wa malamin makaranta: "Mushe, ku karɓi abin da za ku karɓa wurin yara, ni ga nawa." Ƙungiyoyin da ke son a tara musu jama'a don faɗakarwa kuma sun fi kowa biya, amma sai takarda da sa hannu da hatimi, kuma akwai wadda na bi wata uku ana ce mini mai sa hannu yana Yamai. Su nakan ƙara musu kuɗin jira tun farko, ba na faɗa musu sunansa.

Sai labarin da na yi alkawari. Bayan an buɗe iyaka a 2024 wani ya kira ni daga Katsina, bikin ɗansa. Ya ce nawa, na ce ashirin ban da mota. Ya ce ya sallama, ko tayi bai yi ba. Da na yi hankali, daga nan ya kamata in tsargu. Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya da akwatina, na yi wasa, aka karrama ni ƙwarai, sannan ya ƙirgo naira dubu ashirin ya ba ni yana godiya. Ni jikka ashirin nake nufi, na sefa. Naira ta riga ta faɗi warwas lokacin, da na kai wa ɗan canji ko jikka goma ba su cika ba. Bawan Allah bai cuce ni ba, kowa da kuɗin garinsu ya ji. Yau ko da maƙwabcina na yi ciniki sai na tura masa saƙo ta WhatsApp: rana kaza, wuri kaza, minti arba'in da biyar, sefa 20,000, da lambobi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kafin alƙalami. Rabin kuɗi nake karɓa kafin in riƙe wa mutum rana, hannu da hannu ko ta Nita, kamfanin aika kuɗi, in yana nesa. Wani dattijo ya taɓa ɓata rai: "Yaro, ni za ka ce wa in fara biya? Ba ka san ni ba?" Na durƙusa na ce: "Ranka ya daɗe, na san ka sarai. Kuɗin igiya da ƙwai ne da na yaro, kada in zo gidanka da kayan bashi." Ya yi shiru, ya zaro ya ba ni. Babban mutum ba ya son a ce ba a yarda da shi ba, amma ba ya ƙin sayen kayan aiki.

In an nemi ragi kuma ba na cewa albarka in juya baya, haka ba na karya farashin da na faɗa wa wani jiya, don a Maraɗi magana ba ta kwana. Wasan nake ragewa. In bar tantabaru a gida, in zo ni kaɗai, rabin awa. Gidan marayu da sunan ɗan'uwa kyauta nake yi, in kuma faɗa da bakina cewa kyauta ce, don kada gobe a ce ai jikka uku ya karɓa a gidan wane.

Wasan takardar nan ban daina shi ba, sai dai na mayar da shi farko maimakon ƙarshe. Makon jiya a Sabon Gari wata Hajiya ta sake jefo mini tsohuwar tambayar tun ina kan fili. Na ɗaga ƴar jikka biyar sama na ce: "Hajiya, wannan ai cikin kafin alƙalaminki ce ta shekaranjiya, guga kawai na yi mata." Har ta zauna tana dariya tana laluben jakarta.